Import, export, report, support: shin sanin saiwar Latin yana taimakawa wajen gane kalmomin Turanci?

Ɗan Aji Shida

Assalamu alaikum malamai. Tambayata kan kalmomin Turanci ne masu ƙarewa iri ɗaya. Import, export, transport, report, support, deport, duka suna da port. Haka ma admit, submit, permit, commit, omit, transmit. An ce waɗannan gutsattsarin daga Latin suke, kuma wanda ya san su zai iya gane kalmar da bai taɓa gani ba. To in port na nufin ɗauka, me report yake ɗauka? Na biyu, me ya sa ake cewa admit amma admission, ina t ɗin ta shiga? Na uku, me ya sa impossible take da im, illegal da il, irregular da ir, alhali duk korewa ce? Ina son sanin ko hanyar nan ta isa a ɓata mata lokaci kafin JAMB, ko haddar ƙamus ta fi. Allah ya saka da alheri.

Malamin Nahawu

Wa alaikumus salam ɗana. Hanyar ta isa a ɓata mata lokaci, amma sai ka san abin da take iya yi maka da abin da ba ta iyawa. Bari in ɗauki tambayarka ta farko da ta biyu.

Irin waɗannan kalmomi gida biyu ne aka haɗa: saiwa, wadda take ɗauke da aikin, da ɗafa-goshi, wanda yake nuna inda aikin ya dosa. Port daga portare take, wato ɗaukar kaya. Im- ciki ne, ex- waje, trans- ƙetare, de- kawarwa ko saukarwa, re- baya ko kuma sake, sub- ƙarƙashi. Saboda haka import shigo da kaya ne, export fitar da su, transport ƙetarar da su daga wuri zuwa wuri, deport kwashe mutum a fitar da shi daga ƙasa. Support daga sub da port ne: ɗaukar abu ta ƙasa, abin da Bahaushe yake kira tallafi. Report kuwa labari yake ɗauka. An aike ka, ka je ka gani, ka ɗauko abin da ka gani ka komo da shi. Daga nan ne ma muka sami kalmar rahoto.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare ka, sai dai mu a ƙarshen kalma muke yin ta. Dubi fita, fito, fitar. Dubi saya, sayo, sayar, saye. Saiwa ɗaya ce, ƙarshen kalmar ne yake gaya maka ko abin nan ya nufo ka, ko ya tafi, ko an ƙarar da shi. Latin a goshi take liƙa wannan bayani.

Batun admit da admission shi ne ainihin abin da ya kamata ka riƙe a duk zancen nan. Aikatau na Latin yana da siffofi da yawa, kuma Turanci ya ɗebo daga guda biyu. Aikawa a Latin mittere ce, abin da aka aika kuma missus. Daga ta farko aka sami admit, permit, submit, emit, daga ta biyu aka sami admission, permission, submission, emission, har da mission da missile. Ashe t ba ta je ko'ina ba, tagwayen saiwa ne. Hausa ma ta aro duka biyun ba tare da mun lura ba: kwamiti daga ɓangaren mit yake, kwamishina da mishan daga ɓangaren miss.

Don haka kada ka taɓa haddace saiwa ita kaɗai, haddace ta da 'yar'uwarta. Scrib da script, rubutu: describe, description. Duc da duct, jagora: produce, product. Vert da vers, juyawa: convert, conversion. Ced da cess, tafiya: proceed, process. Vid da vis, gani: provide, provision. Pel da puls, turawa: expel, expulsion, compel, compulsory. Pon da posit, ajiyewa: postpone, opponent, deposit, opposite. Clud da clus, rufewa: include, inclusion. Galibi ta farko aikatau take ba ka, ta biyu kuma suna ko sifa, ko da yake ba kullum ba.

Akwai guda ɗaya da tagwayenta ba su ma kama da juna: fer da lat, ita ma ɗauka ce. Transfer da translate a asali kalma ɗaya ce, ɗayar ta kai kuɗi ko ma'aikaci wani wuri, ɗayar ta kai magana wani harshe. Haka refer da relate, confer da collate.

Mai Tajwidi

Allah ya gafarta Malam, a ba ni tambaya ta uku, don duk wanda ya yi allo ya riga ya san amsarta.

Ɗan'uwa, tuna hukuncin nunun sakina. Min rabbihim kana karanta ta mirrabbihim. Min ladunhu ta koma milladunhu. Min ba'di ta koma mim ba'di. To abin da ya sami in- ke nan sak. In da regular suka ba da irregular, in da legal suka ba da illegal, in da possible suka ba da impossible. Gaban r ta zama r, gaban l ta zama l, gaban b, p da m ta zama m, saboda ukun nan da leɓɓa ake furta su, n kuwa da tsinin harshe, sai baki ya nemi sauƙi. A nazarin Hausa naso ake kiransa. Kai ma kana yi kullum: ka rubuta gidan Bala amma gidam Bala kake faɗi, ka rubuta har da amma bakinka had da yake cewa. Bambancin kawai shi ne a Latin an rubuta nason, Turanci kuma ya gaje shi a rubuce.

Ba in- kaɗai ba ce. Ad-, mai ma'anar zuwa ga, ita ta fi kowa rikiɗa: accept, affect, aggression, allocate, announce, approve, arrive, assist, attract, duk ad- ce ta saje da baƙin da ke gabanta. Com- takan zama con-, col-, cor- ko co-: connect, collect, correct, coexist. Sub- takan zama suc-, suf-, sug-, sup-: succeed, suffer, suggest, support. Ob- ta ba da occur, offer, oppose. Ex- gaban f ta zama ef-, kamar effect, gaban wasu baƙaƙen kuma x ɗin faɗuwa take yi: emit, eject, erupt. Dis- gaban f ta zama dif-: differ, difficult.

Amfanin wannan a wajen rubutu yake, kuma a nan ne hanyar ta fi biyan wahalarta. Duk inda kake shakkar baƙi ɗaya ne ko biyu, tsaga kalmar ka ƙirga.

Accommodate: ad, com, mod. Naso ya ba da c biyu, sannan m ta com ta haɗu da m ta mod, m biyu. Recommend: re ce kawai a kan commend, re ba ta ƙarewa da baƙi, don haka c ɗaya, m biyu. Disappoint da disappear: dis a kan appoint da appear, s ɗaya, p biyu. Masu rubuta dissapoint sun ninka a inda bai kamata ba, sun bar inda ya kamata. Dissatisfied kuwa s biyu ne, ɗaya ta dis, ɗaya ta satisfied. Immigrate, in da migrate, m biyu, mai shigowa. Emigrate, e da migrate, m ɗaya, mai fita. Haka illicit da elicit, imminent da eminent. Omit ita ce ta yi wa dangi tawaye: ob ce a gabanta, amma b ɗin ta faɗi ba ta bar gurbi ba, m ɗaya ake rubutawa, omit, omission. Wannan sai hadda.

Mai Gyaran Rubutu

Malaman nan biyu sun yi bayani mai kyau, amma ina so in ja wa yaron nan birki kan maganar da aka gaya masa, cewa zai gane duk kalmar da bai taɓa gani ba. Ba haka ba ne. Saiwa tana nuna maka unguwa, ba ta kai ka ƙofar gida. Kalmomin nan sun yi ɗaruruwan shekaru suna yawo a bakin mutane, ma'anar da yawa daga cikinsu ta gusa.

Fara da port ɗin da ka kawo. Uku ne a Latin, ba ɗaya ba. Akwai portare, ɗauka. Akwai portus, tashar jirgin ruwa, wadda ta ba da port mai ma'anar tasha, da airport, da opportunity. Akwai porta, ƙofa, wadda ta ba da portal, irin wanda ɗalibai suke shiga su duba sakamako. Har porter ma biyu ne a ƙamus, ɗan dako da mai gadin ƙofa. Wanda ya ce duk port ɗauka ce zai tsaya yana neman abin da portal take ɗauka. A gefe guda kuma, sport da ba ta yi kama da dangin ba 'yar gida ce: gutsuren disport ce, ɗauke hankali daga aiki.

Cid ma biyu ce. Ɗaya daga cadere, faɗuwa: accident, incident, coincide. Ɗaya daga caedere, yanka ko kisa: homicide, suicide, incision, da decide. Wannan ta ƙarshe ta yi daidai da bakinmu, domin mu ma yanke shawara muke cewa. Depend kuma ratayuwa ce, kamar yadda muke cewa abu ya rataya a wuyan wane.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne in- ɗin da Mai Tajwidi ya yi bayani, don ita ma biyu ce: ta korewa da ta shiga ciki, kuma naso iri ɗaya suke yi. Impossible korewa ce, import shiga ce. Illegal korewa, illuminate shiga. Ka dubi bayan tankar mai, za ka ga an rubuta highly inflammable. Wanda ya ɗauka korewa ce zai ce ba ya kamawa da wuta, alhali inflammable da flammable ma'anarsu ɗaya, mai saurin kamawa. Kishiyarsu non-flammable. Invaluable ba marar daraja ba ne, abu ne da darajarsa ta wuce a yi mata kuɗi. Infamous ba wanda ba a sani ba ne, wanda ya yi ƙaurin suna ne. A tambayoyin neman kishiyar kalma, irin waɗannan ake dasawa.

Sai waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da tushe. Prevent a tsage zuwa gaba ce, pre da vent, amma yau hanawa take nufi, kamar wanda ya riga ka ya tare hanya. Invent shigowa kan abu ce a asali, yau ƙirƙira. Commit, com da mit, idan ka fassara ta gutsure-gutsure za ka ce aikawa tare, kuma wannan ba zai kai ka ga commit a crime ba. Deduce da deduct saiwa ɗaya, goshi ɗaya, amma ta farko ciro hukunci ne daga hujja, ta biyu zaftare kuɗi daga albashi. Prescribe likita ya rubuta magani, proscribe gwamnati ta haramta ƙungiya, harafi ɗaya ne tsakani.

Kuma ba duk abin da ya fara da re ko dis ko in ne yake da ɗafa-goshi ba. Ready, dish, inch, ba abin tsagawa a cikinsu. Mis- ta mistake da misspell ba daga Latin take ba, ba ruwanta da miss ta mission. Gwajin da nake ba da shawara: in ka cire goshin, abin da ya rage ya kasance ka san shi a wasu kalmomi biyu aƙalla, kuma ma'anar ta ɗan yi kusa. In bai cika wannan ba, koma ƙamus.

Inda sanin goshi yake gyara jimla kai tsaye shi ne maimaicin da ya zame mana jiki: return back, reverse back, repeat again. Re- ta riga ta faɗi baya ko sake, ƙara back ko again ɗora kaya ne a kan kaya.

Ɗan Aji Shida

Na gode ƙwarai malamai, na fahimta. Saura abu ɗaya. Receive da reception fa? Ceive da cept sun fi mit da miss nisa. Kuma me p take yi a receipt tunda ba a furta ta?

Malamin Nahawu

Wannan tarihi ne ya jawo. Kalmomin Latin ba ta ƙofa ɗaya suka shiga Turanci ba. A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi a Hastings, daga nan Faransanci ya zama harshen fada da kotu har tsawon ƙarnoni. Faransanci kuwa jikan Latin ne wanda ya riga ya tauna kalmomin ya sauya musu kama. Daga baya, musamman a ƙarni na 16, masu ilimi suka riƙa ɗebo kalmomi kai tsaye daga littattafan Latin, da siffarsu ta asali. Shi ya sa sau da yawa aikatau yake zuwa a taune, suna kuma a tsaye.

Saiwar a nan capere ce, kamawa. Tun a Latin, idan aka liƙa mata goshi wasalinta yakan raunana: cap ta koma cip ko cept. Shi ne ka ga capture, amma recipient, participate, accept, except. Wadda ta biyo ta Faransa ita ce ta zama ceive: receive, deceive, conceive, perceive, sunayensu kuma reception, deception, conception, perception. Duka huɗun cei ake rubutawa, e kafin i. Irin wannan raunin ya sami facere, yi: fact da factory, amma effect, infect, efficient, sufficient. Ya sami tenere, riƙewa: tenant, amma continent, sannan ta Faransa contain, retain, maintain, detain. Lura da maintenance, ba maintainance ba, saboda sunan bai bi tain ba. Haka pronounce da pronunciation.

P ta receipt daga baya aka cusa ta a rubutu don kalmar ta yi kama da kakarta ta Latin, amma baki bai karɓa ba, shi ya sa mu ma rasit muka ji, rasit muka ara. Deceit da conceit 'yan gida ɗaya ne da ita, su ba su da p. B ta debt da doubt ma cushe ce irin wannan.

Malamar Turanci

Ɗana, ga yadda za ka tsara aikin in lokacinka kaɗan ne. Kada ka nemi jerin saiwa ɗari biyu a intanet ka ce za ka haddace, ba za su zauna ba. Ɗafa-goshi kamar ashirin sun ishe ka: ab, ad, ante, circum, com, contra, de, dis, ex, in guda biyu, inter, ob, per, post, pre, pro, re, sub, super, trans. Ba su kwana uku. Sannan ka ɗauki saiwa goma sha biyu, guda ɗaya a rana, shafi ɗaya na littafi ga kowace. Fara da port, mit, duc, scrib, vert, ced, cap, fer, ject, tract, spect, pon.

A saman shafi rubuta tagwayen saiwar da ma'anarta da Hausa. A gefen hagu jera goshin, ka gwada liƙa kowanne. Da ject za ka sami abject, deject, eject, inject, interject, object, project, reject, subject. Wasu ba za su ba da komai ba, babu conject a Turancin yau sai conjecture, kuma sanin wanda babu shi ma ilimi ne. Kafin ka buɗe ƙamus, rubuta ma'anar da kake zato. Bayan ka buɗe, sa alama a kan duk wadda zatonka ya kuskure. Waɗannan masu alamar su ne abin bita, sauran sun riga sun shiga. Ga kowace kalma rubuta sunanta da sifarta da jimla ɗaya, tare da ɗan harafin da yake bin ta, domin saiwa ba za ta gaya maka wannan ba: prevent from, depend on, refer to, consist of, amma comprise da discuss ba sa ɗaukar irin wannan harafi a bayansu. Koma wa shafin washegari, sannan bayan kwana uku, sannan bayan mako.

Abu biyu da ba a taɓo ba. Na farko, gaɓar da ake dannawa, wadda ake tambaya a Test of Orals na WAEC. Da yawa daga masu gaɓa biyu, suna a gaɓar farko ake danna shi, aikatau a ta biyu: REcord da reCORD, CONduct da conDUCT, PERmit da perMIT, OBject da obJECT, EXport da exPORT. Amma kada ka shimfiɗa ta a kan kowa. Report, support da respect a ta biyu ake dannawa ko suna ne ko aikatau, promise kuma a ta farko.

Wannan dannawar ita take hukunta ninka baƙin ƙarshe. ReFER, preFER, oCCUR, adMIT a ƙarshe ake danna su, don haka referred, preferring, occurred, admitted. OFfer, SUFfer, DIFfer a farko ne, don haka offered, suffered, differed, r ɗaya. In dannawar ta koma farko sai ninkin ya tafi: reference, preference. Occurrence ba ta koma ba, r biyu. Commitment t ɗaya kafin ment, saboda ɗafa-ƙeyar da baƙi ta fara.

Na biyu, dangin ced. Uku kaɗai ake rubutawa da ceed: proceed, exceed, succeed. Sauran cede ne: precede, concede, recede, intercede, secede. Guda ɗaya tak da sede, supersede, don ita daga sedere take, zama, dangin preside da session. Procedure kuma e ɗaya, duk da proceed.

Wajen able da ible, in sunan ya ƙare da ation to able ce, kamar application da applicable, in kuwa ya ƙare da ion kawai to ible, kamar admission da admissible.

Mai Gyaran Rubutu

Malama, a yi mini afuwa, ƙa'idar ƙarshen nan sai an sa mata ƙaidi. Rabinta na farko yana tafiya lafiya. Rabi na biyu ya fi tsayawa a kan masu ssion da sion: permission da permissible, division da divisible, comprehension da comprehensible, vision da visible. A kan masu ction yana karyewa. Prediction ta ba da predictable, detection ta ba da detectable, amma destruction ta ba da destructible, deduction kuma deductible. Collectable da collectible duka biyun suna ƙamus. Yaro ya ware wa masu ction rabin shafi daban, ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Malamar Turanci

Gaskiyarka Malam, na karɓi gyara. A ƙara masa da correctable da connectable a wannan rabin shafin.